Rufewar kakanmu da ta kusa faɗuwa: abin da muka gwada daga 2020 zuwa 2024

## Asalinta da yadda aka gina ta (1975)

Wannan bayani ne akan wata tsohuwar rufewa dake gidanmu na ƙauye, can arewacin jihar Katsina dab da iyakar Nijar. Sunan garin da na mutanen zan bar su tunda gidan ba nawa ba ne ni kaɗai. Ga 'yan birni da basu santa ba, rufewa rumbu ne amma na ƙasa, ba irin na kara da zana ba, ita gina ta ake kamar yadda mai tukwane ke gina randa sai dai ta kai tsayin mutum biyu.

Kakanmu ne ya sa aka gina ta a ranin 1975, bayan farin nan na 1973 zuwa 1974 da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu. Baffana ya ce kafin nan rumbunan kara uku ne a gidan, kuma rumbun kara komai kyansa baya riƙe hatsi ya daɗe, ga ɓera ga awaki na zarar zangarniya ta jikin zana ga tsoron gobara, shi kuma tsoho ya ga yunwa tun yana saurayi lokacin wadda ake kira Muda wajen 1954, sai ya ce yana son inda zai zuba gero ya liƙe ya manta dashi shekara uku.

A kan duwatsu tara take zaune, jeri uku-uku, kowanne tsayinsa ya kusa gwiwa, kuma duwatsun sun girme ta dan daga kufan tsohuwar rufewar mahaifin kakanmu aka kwaso su. Kan duwatsun an gicciya itacen kirya guda shida saboda kirya gara bata cinta da sauƙi, sai ƙananan itace a samansu, sai daɓe. Bangon babu tubali ko ɗaya, laka ce da aka kwaɓa da yankakkiyar ciyawa ana ɗora ta zagaye-zagaye, a yi kamar taƙi biyu yau a bari ta sha iska gobe a ɗora. Ta buɗe a tsakiya ta tsuke a sama, bakinta daidai shigar yaro. Da na auna ta da tef a 2023 tsayinta mita 3 da rabi daga kan duwatsu, faɗin tumbinta mita 2.8, kaurin bangon santimita 12 a ƙasa, a sama kuwa bai wuce 7 ba. A ciki akwai siririn bango da ya raba ta gida biyu, gero gefe dawa gefe. Baki ana rufe shi da murfin laka sannan a kifa jinka kamar malafa ta sauko har kafaɗarta. Tana cin dami wajen 120.

Ƙarƙashinta fili ne, iska na wucewa, kaji na shiga shan inuwa suna tsattsage duk garar da ta ɗago kai. Muna yara har ɓuya muke a wurin.

A 1984 zuwa 1985 da fari ya sake dawowa, yunwar da 'yan Nijar ke kira El Buhari, geron cikinta ne ya riƙe gidan har da 'yan uwa da suka tsallako daga arewa. Inna, ƙaramar matar kakanmu wadda har yanzu tana raye, in ta fara wannan labarin sai ta yi hawaye.

## Shekarun da aka daina kula da ita (2009 zuwa 2019)

Lokacin kakanmu duk rani bayan an gama sussuka ana mata sabon yaɓe, jinka kuma duk shekara uku ko huɗu a sake baibaya. Ya rasu a 2009, zuwa 2011 gandu ya watse aka raba gonaki kowa ya kama gabansa, amma rufewar ba a raba ta ba, gida uku ke zuba hatsi a ciki kowa da alamar daminsa. Yaɓe na ƙarshe da kowa ya iya tunawa a 2012 akai shi, baibaya kuma 2014.

A 2017 ɗan baffana zai yi aure ya gina ɗakin bulo da rufin kwano ta gabas da ita, tsakaninsu bai fi mita 2 ba, kuma gangaren kwanon wajenta ya kalla babu gwata. Ragowar yashi da baraguzan ginin a gindinta aka baje su dan wurin ya daidaita. Matan gida kuma nan suke tara shara kafin a kwashe kai gona.

## Farkon matsalar (Agusta 2020)

Daminar 2020 ruwa yai yawa sosai a arewa da Nijar baki ɗaya, gidajen ƙasa da yawa sun zube. Ƙarshen watan Agusta baffana ya kira ni ina Kano ya ce rufewa ta tsage ta gabas, daga gindi zuwa kusan ƙirjin mutum, yatsa na shiga. Da aka zura yaro ciki ya ce ƙasan na wari kamar ruɓaɓɓen ƙullu. Aka fito da komai aka shanya, dami 15 na ƙasa sun yi baƙi sun yi funfuna, ko dabba ba a ba ba, takin gona akai dasu.

## Gwaji na farko: siminti (Disamba 2020)

Ni na kawo shawarar siminti kuma ni na biya, da zuciya ɗaya nai, ina ganin na huta da yaɓen shekara-shekara da ba mai yi. Muka samo birkila daga garin ƙaramar hukuma, ya cika tsagar da dutse da siminti, ya zagaye jikinta da wayar kaji ya kafe da ƙusoshi, sannan ya shafe ta tun daga inda ta taɓa ƙasa har wuya. Buhu 5 ya ci, kwana huɗu aka gama. Ta fito sumul kamar tankin ruwa, mutane har tsayawa suke kallo, wasu maƙwabta suka ce suma in sun samu hali haka zasu yi.

## Gwaji na biyu: kwano a madadin jinka (Maris 2021)

Jinkar ta riga ta ruɓe, ciyawar baibaya kuma ta yi wuya a yankin dan duk fadamar da ake yankowa an nome ta. Sai kafinta ya haɗa mata hula da katako da fallen kwano huɗu, ya ɗaure da waya. Hular bakin kawai ta rufe da ɗan abin da bai kai taƙi biyu ba a gefe, kafaɗar a buɗe take tunda muna ganin ai siminti ya tsare ta.

Daminar 2021 ta wuce ba abin da ya faɗi. Wasu siraran tsagu kamar gashi sun fito a jikin simintin, birkilan da aka kira ya ce fenti kawai take so. Da kaka aka zuba dami 70 na gero da dawa, aka ɗora buhun wake 6 a sama, abin da kakanmu bai taɓa yi ba, shi wakensa a tukwane yake ajiyewa cikin toka.

## Gwaji na uku: ƙwayar magani (Fabrairu 2022)

A Fabrairu yaron da ake zurawa ya fito da wake duk huji, ƙwari na tashi, kuma ya ce da sassafe cikin kwanon na ɗigar ruwa kamar zufa. Wani ya ce a yayyafa fiya-fiya, na ƙi, dan irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya tun 2015 kuma mu ci zamu yi da yaranmu. Muka tsaya akan ƙwayar nan Phostoxin da ake sa wa buhu, aka ƙulla su a tsumma aka jefa ciki aka rufe bakin da leda.

Kwana biyu matar ɗan baffan nawa ta fara kukan ciwon kai da wani wari kamar tafarnuwa a ɗakinsu, dole suka koma ɗakin Inna da jaririnsu na sati ɗaya. Bayan sati uku da aka duba, ƙwarin sama sun mutu, na tsakiyar buhu suna nan da ransu. Aka sayar da waken a arha.

## Faɗuwar simintin (Satumba 2022)

Daminar 2022 ita ce ta ambaliyar da ta ci jihohi da yawa a Najeriya. Cikin Satumba da dare akai ruwa da iska daga gabas, da asuba aka tarar wani falle na siminti mai faɗin tabarma ya ɓalle ya faɗo da wayarsa. Abin da ke bayansa ni da na zo na gani sai da jikina yai sanyi, laka jiƙe sharkaf kana danna ta da yatsa tana lotsawa, hanyoyin gara sun yi rassa har sama da kaina, wani wurin bangon da yake santimita 12 bai fi 5 ya rage ba. Rufewar kanta ta ɗan karkata gabas. Cikin dami 41 da suka rage a lokacin 26 sun lalace.

Akai zaman gida. Matasa duk suka ce a rushe a gina sito na bulo, nima na goyi baya dan kunya ta ishe ni. Inna ce ta ce, "In zaku rushe ta ku bari sai bayan raina, amma kafin nan ku nemo wanda ya san ginin ya gani, ku duk ba wanda ya taɓa ɗora laka a cikinku." Baffana ya ce to a yi yadda ta ce. Aka tokare ta da azara uku aka lulluɓa tamfol har ruwa ya ɗauke.

## Zuwan tsohon magini (Janairu 2023)

A wani ƙauye mai nisan kilomita 14 muka samo shi, ya haura saba'in, yana yaro ya yi wa masu irin wannan gini lebura. Da ya zo bai ko kalli tsagar ba, ya zagaya ta sau biyu yana ƙwanƙwasa simintin da sandarsa, kusan ko'ina sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Sannan ya tsuguna ya ce da ni, "Ɗana, ina duwatsunta?"

Na ce, "Baba suna ƙasa mana." Ya ce a kawo fartanya. Sai da aka haƙa santimita 40 kafin a ga gindin dutsen farko, wato duwatsun sun nutse gaba ɗaya cikin yashi da shara da baraguzai, cikin rufewar ya zauna daram a kan ƙasa, kuma wallahi duk cikinmu ba wanda ya lura da ranar da kaji suka daina shiga ƙarƙashinta. Itacen kirya biyu na gabas sun ruɓe, huɗu lafiyarsu lau bayan shekara 48. Ya ɗaga kai ya kalli kwanon ɗakin ɗan baffana ya nuna inda ruwansa ke zuba, daidai gindin tsagar.

Baffana ya tambaye shi, "Malam, zata tashi kuwa?" Ya ce zata tashi amma karkatar da tai ta yi kenan, kuma sharaɗinsa kar a sa masa gaggawa.

## Gyaran (Fabrairu zuwa Afrilu 2023)

Farko aka kwashe ƙasar gindin duka, baro 60 da wani abu, har iska ta koma wucewa, aka yi wa wurin gangare zuwa yamma da 'yar hanyar ruwa ta fita bayan gida. Ɗan baffana ya sa gwata a kwanonsa ya juya ruwan kudu. Simintin da hannu aka ɓamɓare shi kaɗan-kaɗan, tsohon ya hana guduma ya ce girgiza zata ƙarasa bangon, wannan kaɗai kwana tara ya ci dan ƙusoshin wayar sai an zare su ɗaya-ɗaya. Itacen da suka ruɓe kuma da jak ɗin mota muka ɗan ɗaga gefen, bai fi kaurin yatsa ba, aka zare ɗaya aka zura sabo aka sauke sannan aka koma ɗayan. Kiryar ma da ƙyar aka samu, masu gawayi sun cinye ta.

Daga nan ya ce a barta tsirara sati uku ta bushe, ya tafi gida abinsa. Kafin ya tafi ya sa aka kwaɓa laka, jar ƙasa kashi uku ƙasar shuri kashi ɗaya, da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, aka tattake da ƙafa aka rufe da kara, duk bayan kwana biyu a yayyafa ruwa a sake tattakewa har kwana 12, sai da ta fara wari tana danƙo a hannu. Na tambaye shi amfanin jiran ya ce laka ɗanya da ruɓaɓɓiya ba ɗaya ba ne, ɗanya tana bushewa take tsagewa.

Da ya dawo ya kankare duk inda gara ta ci har sai ya kai ƙasa mai ƙarfi, ya jiƙa wurin, ya dinga cikewa da kaurin yatsa biyu kacal a rana. Tsagar babba bai cusa mata laka kai tsaye ba, sai da ya faɗaɗa bakinta ya gicciya guntayen itace a ciki kamar ɗinki sannan ya bi da laka. A ciki kuma aka share, aka kunna kara kaɗan aka rufe baki hayaƙi ya gauraye, aka shafe da laka mai toka.

Shafen waje da makuba akai, wato ɓawon ɗorawa da ake dakawa a jiƙa, ruwan yai ja-ja a kwaɓa laka dashi, shi ke sa ruwan sama ya zame maimakon ya shige. Wurin mata masu kalwa muka saya buhu 3. Ya ce da da hali laso zai yi irin na soraye, katsin marina da gashin akuya daga majema da dafara, amma karofin yankin duk sun mutu, katsi sai dai in za'a nemo daga Kano. Shafen farko bai yi ba, yaran da ke taya shi sun yi gefen kudu da tsakar rana cikin zafin Afrilu ya tsattsage kafin la'asar, dole aka kankare aka sake, daga nan sai da asuba da yamma kawai ake yi.

Aka sauke hular kwano. Ciyawar jinka daga wata kasuwa ta tsallaken iyaka aka sayo a amalanke, aka yi yanta aka baibaye, ta sauko ta rufe kafaɗa ta zarce jikin bangon da santimita 50 ko'ina. Wake kuma aka fitar dashi daga lissafin rufewa kwata-kwata, muka koma buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo dashi, in wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda daban iska ke ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Aikin duka ya ɗau sati 11.

## Abin da ya biyo baya (2023 da 2024)

Daminar 2023 ba tsaga ba wari. Da kaka aka zuba dami 64, aka buɗe a watan Yuni 2024 aka fito da na can ƙasa dan a gani, zangarniya bushe ƙamas, abin da aka cire na ɓarna bai cika dami ɗaya ba kuma ɓera ne. Daminar 2024 ta yi ruwan da har tsohon masallacin Zinder ya rushe a farkon Satumba, mu abin da ya same mu makubar gabas ce ta zaizaye kamar faɗin faranti biyu, aka shafe a Disamba cikin yini ɗaya. Kaji sun koma ƙarƙashinta.

## Abin da na fahimta

A ganina ciwon a gindi yake tun farko, mu kuma jiki muka yi ta yi wa magani. Tunda duwatsu suka nutse laka ta haɗu da ƙasa, damshi ya samu hanyar hawa, gara ta samu hanya ba kaji, ga ruwan rufin ɗaki guda na zuba a wuri ɗaya tun 2017. Tsagar 2020 alama ce kawai.

Siminti shi yafi komai ɓarna kuma ni na kawo shi. Laka tana shan damshi tana fitarwa, tana kumbura tana komawa, siminti kuma baya tafiya tare da ita, dole ya saki jikinta ya yi 'yan tsagu, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, ga shi an shafe har ƙasa an toshe inda zata bushe. Ya kuma ɓoye mana gara shekara biyu, da laka ce a fili da tun watan farko an ga hanyarta an kankare. Kwano da rana yana gasa hatsi, da dare yai sanyi tururin ciki ya taru a jikinsa ya ɗigo, kuma bai kare kafaɗa daga ruwan gabas ba. Ƙwayar magani kuwa hayaƙi take fitarwa mai kisa, sai a wurin da yake a toshe ruf take aiki, a rufewa mai tsagu hayaƙin fita yai ya nufi ɗakin mai jego, wannan har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Gyaran tsohon ya yi ne dan ya bi abin daga tushe kuma da kayan da bangon ya sani, amma bana cewa duk na da shi ne daidai, a wajen wake buhun leda yafi tukunya da toka nesa ba kusa ba, gwata da jak ma na zamani ne. Kuma gyaran baya zaunawa sai da yaɓe duk shekara, wanda rashinsa ne ya fara kai mu nan tun da gandu ya watse ta zama ta kowa ba mai ita. Yanzu mun rubuta a takarda, gida uku kowa da shekararsa ta yaɓe da kwashe ƙasar gindi, baibaya kuma karo-karo duk shekara uku, ta farko bayan gyaran a 2026.

Akwai wata siririyar tsaga ta arewa da tsohon ya ce a sa mata ido, ya shafa mata ɗan farin toka a gicciye ya ce ranar da tokar ta rabu a kira shi. Ƙanena ɗan shekara 17 da ya taya shi aikin tun daga kwaɓa laka shi ke dubawa duk Juma'a, zuwa yanzu bata rabu ba.